Bijimi a Bayan Tirela

Litinin, 3 ga Maris

Babba, ɗana na fari, ya iso da sabuwar mota. Fara fes, a-kori-kura mai ƙofa huɗu, fetur take sha. Ya ajiye ta a ƙofar gida kusa da tsohuwar ta ubansa, sai tsohuwar ta koma kamar karen da ƙazuwa ta ci. Sau biyu na zagaya ta. Ko ƙararta ba a ji, sai ka ɗora hannu a kai kafin ka san a kunne take.

Ya ce ya gaji da yi wa wasu aiki, ya dawo gida da matarsa, zai riƙe sana'ar ubansa. Sana'ar dai ɗaukar shanu ce. Manoma su kawo su shingen bayan gidanmu, mu loda a tirelar da ake ƙulla wa mota, a haura tudu, a gangara, a kai wa mahauta a cikin gari. Shekara kusan hamsin Marigayi, mijina, yana yi, fiye da rabinsu ina kujerar gefe, don ba ya cin abinci in ba ni na miƙa masa ba. Tun da ya rasu bara Auta ke ja da tsohuwar mai dizal.

Tirela ɗaya, 'ya'ya biyu. Takardunta sunana ne a kai. Wanda na ba shi ne zai ja.

Auta ya tsaya can jikin bango yana goge hannu da tsumma. Shekara arba'in da biyu, har yanzu in zai ce sannu da zuwa sai a dafa shayi a sha bai gama ba. In'ina. Yayansa ya rungume shi, ya tashi da baƙin mai a farar riga. Abin da Auta ya iya bayarwa ke nan.

Littafin nan a ƙasan kujerar motar Marigayi na same shi, ba komai a ciki. Rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka, aji biyu na yi. Oho. Ba mai karantawa.

Laraba, 5 ga Maris

Tsohuwar motar nan kafin ta tashi da safe sai an jira ta, ta yi tari, ta yi kaki, ta cika tsakar gida da hayaƙi. Shanyar matar Babba duk ta ɗauki wari. Na leƙa ta taga na ce wa Auta, kai da motarka ba a san wanda ya fi wani nawa ba. Bai ɗago ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Yau shekara ɗaya da rasuwar Marigayi. Ban yi kuka ba, bara ma ban yi ba. Zan rubuta yadda aka yi don kada tsufa ya sa in manta in yafe.

Ranar ban bi su ba, ƙafata ta kumbura. Sun fita da shanu huɗu. Kafin su kai gindin tudu ƙirjinsa ya riƙe, Auta ya karɓi sitiyari. Mai hankali zai cire tirela ya bar ta a gefen titi ya taka mota. Auta bai cire ba. Ya hau tudun nan da shanu huɗu a baya, a giya ta biyu, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ubansa ya cika a ƙofar asibiti. Shanu kuwa duk sun isa lafiya, ko ƙwarzane babu. Mahauci har yabawa ya yi.

Sau ɗaya na tambaye shi, me ya hana ka cirewa. Ya fara ba, ba, ba. Na tashi na bar masa wurin.

Da irin motar Babba ce da ya kai da ransa. Mutane suna cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma a giya ta biyu ya ƙare.

Litinin, 10 ga Maris

Bakanike ya zo ganin sabuwar mota. Abokin Marigayi ne tun suna samari. Haƙori uku suka rage masa, baki kuwa bai ragu ba. Ya buɗe gabanta ya leƙa inji, ya kwanta a ƙasa ya girgiza ƙugiyar baya da ake ƙulla tirela.

Ya ce, matar abokina, mota ce mai kyau. Na ce to. Ya ce ban gama ba.

Abin da na riƙe. Mai fetur ƙarfinta a sama yake, sai ta yi ihu take ja. Mai dizal ƙarfinta a ƙasa yake, tun tana gurnani take ture kaya. A shimfiɗaɗɗen titi, da kaya kaɗan, fetur ta fi daɗi, ta fi gudu, ba ta hayaƙi, in ta lalace kowane gareji an san kanta. Amma a ƙulla mata shanu huɗu a hau tudu da rana tsaka, za ta sha mai kamar raƙumi, jikinta ya yi zafi. Dizal kuwa ranar da ta lalace sai ka yi hawaye, sai dai ba ta cika yi ba.

Babba ya yi dariya ya ce, Baba, wannan ai zancen da ne. Ya ɗauko littafin motar ya nuna masa wata lamba, wai ƙarfin doki ɗari kaza. Bakanike ya ce, ɗana, doki na sukuwa ne, noma sai sa.

Na ce, kai da ka san komai, me ya hana ka yin arziki. Ya ce, abin da ya hana ki haƙuri. Tsohon banza. Na hana matar Auta ƙara masa shayi.

Duk abin da ya faɗa na sani, Marigayi ya faɗa min ya fi sau ɗari. Ba sani na rasa ba.

Talata, 11 ga Maris

Matar Auta ta yanke min farce, ta shafa min maganin ƙafa. Hannunta sanyi kamar kwaɗo. Shekara goma sha huɗu a gidan nan ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Na tuna mata.

Alhamis, 13 ga Maris

Babba ya ƙulla tirela a sabuwar motar don gwaji, da maruƙa biyu kawai, ya sa ni a gaba. Sanyi na busowa ta cikin mota, kujera taushi kamar katifa. Giya da kanta take shiga, hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga. Ya ce, Inna, yaya? Na ce yau na san na haihu.

A tsakiyar tudu na ji muryarta ta canza, ta hau ihu kamar akuyar da aka ɗaure nesa da ɗanta. Maruƙa biyu fa. Na kalli allurar zafi, ta ɗan matsa. Babba ya ƙara rediyo. Ni ma na kalli taga.

Minti ashirin muka kai gari. Auta kusan arba'in yake yi. Na lissafa. Ashirin ne tsakani.

Asabar, 15 ga Maris

Na faɗa musu yau bayan abincin rana, a tsakar gida, matansu na zaune. Daga yau Babba ke jan tirela. Auta ya riƙa lodi da wanke kashin shanu.

Matar Babba ta sunkuyar da kai don kada a ga murna, amma kunnuwanta ma dariya suke yi. Babba ya ce, Inna, ai sai mu riƙa yi tare. Na ce ba a tuƙa mota da sitiyari biyu.

Auta ya buɗe baki. Na ga wuyansa ya kumbura, jijiyoyi sun tashi, maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. Na ce, in ka gama haɗiye ta ka aiko min. Matar Babba ta fashe da dariya, ta toshe baki da mayafi.

Ya je ya kwance ƙugiyar daga tsohuwar motar da kansa. Ya shafa mata man shafawa kafin ya miƙa wa yayansa. Wa ya sa shi.

Laraba, 19 ga Maris

Tafiya uku ke nan. Babba ya dawo fuska a haɗe. Wai motar shan mai take yi kamar an huda tanki, tafiyar da tsohuwar ke yi sau biyu da cika ɗaya, wannan da ƙyar take zuwa ta dawo. Jiya sai da ya tsaya a tsakiyar tudu ya buɗe mata gaba ta huce, shanu na kuka a rana. Mahauci ya yi masa tsiya, wai a da agogonsa yake saitawa da zuwan Auta.

Na ce laifin mai lodi ne, yana cika maka kaya da gangan. Babba ya ce anya, Inna. Na ce ni na haife shi, na san cikinsa.

Shanu huɗu ne. Kullum huɗu ne, tun zamanin ubansu.

Juma'a, 21 ga Maris

Tsohuwar mota kwana shida ba ta fita ba. Amma kullum da safe sai Auta ya kunna ta, ya zauna a ciki, ya kashe. Kamar mai ba mara lafiya abinci.

Asabar, 22 ga Maris

Ba zan iya ba yau.

Lahadi, 23 ga Maris

Zan rubuta daki-daki.

Jiya da safe Manomi ya kawo shanu huɗu. Uku matsakaita, ɗaya bijimi ne wanda ban taɓa ganin irinsa ba, shi kaɗai ya kai biyu. Ina zaune a kujera bakin shinge, Manomi na tsaye.

Dokar Marigayi a lodi ɗaya ce. Mai nauyi shi ke fara shiga, a kai shi can gaba kusa da ƙugiya, a ɗaure gajere, don nauyinsa ya danne bayan mota. In mai nauyi ya zauna a ƙarshen tirela, hancinta zai ɗaga, bayan mota ya yi sakayau, a gangare sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, ita ke tuƙa ka ba kai ke tuƙa ta ba. Wannan ko a mafarki aka tashe ni zan faɗa.

Auta ya ja bijimin zai fara shigar da shi. Babba ya ce a'a, bar shi ƙarshe. Bijimin na mahaucin farko ne, a bakin gari, in yana can ciki sai an sauke uku kafin a fito da shi, a sake lodawa. Yana so ya kai da wuri ya toshe bakin Mahauci. Magana ce mai kama da hankali.

Auta ya saki igiya ya tsaya a gabansa. Ya ce, Ya, Ya, Yaya, na, na, nau. Yana nuna ƙugiya, yana nuna bijimi, gumi na zuba. Babba ya juyo ya kalle ni. Ya ce, Inna, me yake cewa?

Ni ya tambaya. Ni.

Na ce, hassada yake cewa. Na ce wa Auta, wanda ya kai ubansa asibiti a giya ta biyu ba shi zai koya wa mutane tuƙi ba. Ka loda yadda aka ce ka matsa. A gaban Manomi na faɗa.

Ya loda. Na ga hancin tirelar ya ɗan ɗaga, da idona na gani, bayan motar bai zauna yadda ya kamata ba. Na ce a raina motar sabuwa ce, tana da nauyi, zai bi a hankali, in ya dawo zan ja shi ɗaki in gaya masa mu biyu. Ba dai a gaban Auta ba. Babba ya ce Auta ya shigo su tafi. Na ce bar shi, kada ya shafa maka nawa.

Suna fita da kaɗan na ji tsohuwar ta yi tari ta tashi. Auta ya bi bayansa, ba wanda ya aike shi.

Sauran labarin, Manomi ne ya zo ya gaya min. Sun haura lafiya. A gangare, a lanƙwasa ta biyu, tirelar ta fara lilo, Babba ya taka birki, ta ƙara, ta ja motar suka kife cikin kwari. Shanu biyu a wurin aka yanka su. Bijimin ya karye baya, shi ma aka yanka. Ƙafar Babba ta dama ta maƙale. Auta ne ya ɓalle ƙofa da ƙarfen taya, ya ciro shi, ya saɓa shi a kafaɗa ya hauro da shi, ya sa a tsohuwar mota.

Yana da rai.

Litinin, 24 ga Maris

Asibiti. Ƙafar ta karye wuri uku, sun sa ƙarfe. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da jini ya ƙare, wanda ya kawo shi ya yi gudu.

Auta na zaune a bencin waje, rigarsa har yanzu da jinin yayansa, ya bushe ya yi baƙi. Na tsaya a kansa. Na ce, ashe ka iya gudu.

Matar Babba ta fito tana kuka, ta ce wai Manomi ya ce lodin ne. Ta ce wa ya loda? Na nuna shi da baki. Na ce, kai da ka sani, me ya sa ba ka faɗa ba?

Ya ɗago ya kalle ni. Idon ubansa ne da shi, ban taɓa lura ba, ko na lura na ƙi. Ni na fara kau da kai. Ƙafata ce ke ciwo, na je na zauna.

Matar Babba ta zage shi tas a gaban ma'aikatan asibiti. Mugu, ɗan baƙin ciki, ka so kashe min miji. Na bar ta ta gama.

Alhamis, 27 ga Maris

An ciro motar da tirelar daga kwarin. Bakanike ya ɗaura sarƙa, Auta ya sa tsohuwar a giya ta ɗaya. Sun ce ko ihu ba ta yi ba, gurnani kawai, ta jawo farar motar har kan titi, ta koma ta jawo tirela. Masu wucewa sun tsaya suna tafi. Jaki ma ana yi masa tafi in ya ja kaya.

Bakanike ya biyo nan da la'asar. Bai zauna ba. Ya ce, matar abokina, shekara nawa kika yi a kujerar gefe? Na ce me ya dame ka. Ya ce kina wurin da aka yi lodi. Na ce idona ba ya gani yanzu. Ya ce idon da ke zare tsakuwa a shinkafa.

Sai ya ce bari in gaya miki abin da ba ki tsaya kin ji ba. Ranar da abokina ya rasu, yaron nan ya tsaya zai cire tirela. Abokina ya riƙe masa hannu ya ce, shanun mutane ne, in ka bar su a rana ban yafe ba. Ya ce Auta ya gaya masa tun bara, ya ɗauki kusan awa ɗaya kafin ya gama faɗa, shi kuma ya zauna ya jira.

Na ce ƙarya ne. Ya ce ke kin san mijinki.

Na san shi. Maganarsa ce sak, har yadda zai riƙe hannun na gani. Shanun mutane sun fi ƙarfin ransa, sun fi ni. Wata rana ina naƙudar Babba sai da ya sauke kaya kafin ya kai ni.

To ko haka ne. Ɗa mai zuciya zai fizge hannu ya cire tirela, uban ya yi fushi da ransa. Na kori Bakanike.

Lahadi, 30 ga Maris

Sun tafi.

Da safe na ga matar Auta na fito da tukwane. Katifa, akwati biyu, keken ɗinki, duk a bayan tsohuwar mota. Na ce motar ubanku ce, ba inda za ta. Matar ta ce, Inna, Baba ya sa sunansa a takardar tun yana da rai. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin ta mayar min da magana ba. Ta ajiye maganin ƙafata a kan taga ta ce safe da yamma ne.

Auta ya zo ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ya ce, I, Inna, kin, kin ga, kin gani. Na ce na ga me? Ya ce, kin gani. Sau biyu kawai. Ya tashi.

Na ce, in ka fita kada ka dawo ko gawata ce. Ya gyaɗa kai kamar na aike shi kasuwa.

Ya ɗaure kayan da kyau. Keken ɗinkin a gaba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ba hayaƙi da safe. Shanya na bushewa da ƙamshin sabulu. Madalla.

Talata, 8 ga Afrilu

An sallamo Babba. Ba ya iya hawa matakala biyun ɗakinsu, matarsa ta ce ɗakina ne ya dace, yana kusa da bayan gida. An mayar da ni ɗakin Auta. Warin dizal a bango, a labule, har a filo.

Ba ta tambaye ni ba. Faɗa min ta yi, tana cire zanen gadona.

Asabar, 12 ga Afrilu

Manoma sun daina kawo shanu. Ciyawa ta fara fitowa a shinge. Tirelar na nan a karkace, taya ɗaya a lanƙwashe.

Farcen ƙafata ya shiga nama. Na ce wa matar Babba, ta ce, Inna, ni ƙyanƙyami nake ji, ki bari wani ya zo. Wane ne wani.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Likita ya ce ƙafar za ta haɗe amma za ta gajarta, gwiwar ba za ta lanƙwasu kamar da ba. Ƙafar birki ce. Babba ya ji, ya juya fuska bango.

Da rana na kai masa ruwa. Ya ce, Inna, zauna. Ya ce kwana nawa yana kwance yana juya safiyar nan a kansa. Ya ce, Auta ƙugiya yake nuna min, ko? Na ce wa ya san abin da Auta ke nunawa. Ya ce, na tambaye ki, Inna. Na juyo na tambaye ki.

Na ce tsufa, ido, rana ta haske ni.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce to. Ya ce in ja masa ƙofa.

Tun ina goya shi bai taɓa ce min in ja masa ƙofa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Yanzu a ɗaki suke cin abinci su biyu. Nawa a ajiye a bakin ƙofa, a rufe da faranti, kamar na mage. Jiya ta manta.

Na ji ta tana waya da uwarta, wai tsohuwar nan maciji ce, ta cinye ɗa ɗaya ta tofar da ɗaya. Ta iya magana. Da a kan wata ta faɗa da na yi dariya.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Bakanike ya zo duba Babba, ni bai shigo wurina ba. Ta taga na ji. Wai Auta na ja wa wani mai gona tirela a can gefen kwari, shanu da buhuna, har mahautan sun koma wurinsa. Wai matarsa ta yi ƙiba. Wai ranar Talata da Asabar yake haura tudu, ta babban titi, wajen ƙarfe tara.

Ban tambaya ba. Shi ya ɗaga murya.

Talata, 29 ga Afrilu

Likitan Babba ya taɓa cewa mai kumburin ƙafa ya riƙa tafiya. Na fita da sanda. Daga nan zuwa babban titi da nisa, sau uku na huta. Mai shago ya ba ni benci a inuwa, ya ce Inna, wa kike jira? Na ce ubanka.

Tun daga nesa na gane muryar tsohuwar motar. Ba ta canza ba, sai dai ya gyara mata salansa. Tirela shuɗiya, ba tamu ba. Shanu huɗu, babban baƙin sa a gaba.

Bai gan ni ba. Ko ya gani.

Asabar, 3 ga Mayu

Na sake fita, ƙafar ta ɗan saki ai. Na riga ƙarfe tara da yawa, mai shago bai ma buɗe ba, a kan dutse na zauna.

Yau ya gan ni, ido cikin ido. Ya rame a wuya. Bai rage gudu ba, bai danna ham ba. Dama da kaya ba a tsayawa a gindin tudu, in ka tsaya ka rasa ƙarfin hawa, kowa ya san wannan. Daidai ya yi.

Hannuna ya ɗaga sama lokacin da yake wucewa. Mai shago ya iso ya ce, Inna, kin san shi ne? Na ce ƙuda na kora.

Na zauna har na ji ya sauke giya a tsakiyar tudu. A daidai wurin ya sauke.